Jamus ko Ingila: ina ya fi dacewa a karanci aikin walwalar jama'a?

Maman_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan ƙanwata. Ta gama digiri a fannin nazarin zamantakewa, ta yi hidimar ƙasa, yanzu tana aiki da wata ƙungiya mai kula da marayu da zawarawa. Ranta na kan aikin walwalar jama'a, so take ta samu takardar da za ta zama cikakkiyar jami'a. Wata jami'a a Ingila ta ba ta gurbin digiri na biyu na shekara biyu, amma kuɗin makarantar ya ɗaga mana hankali. Yayanmu kuma yana Jamus, ya ce ta taho can, karatu kyauta ne. Ni na ce mata ai aikin ɗaya ne a ko'ina, taimakon mutane ne, ta je inda ya fi sauƙi. Ita ta ce sam ba haka ba ne. Waɗanda suka san ƙasashen nan biyu, don Allah ku warware mana. Karatun da aikin iri ɗaya ne? Wanne ya fi?

Sista_Rabi:
Wa alaikumus salam. Ta zo Ingila kawai, aikin nan a yashe yake. Ni shi nake yi a gidan tsofaffi, ba ma sai da digiri ba.

Bakatsine_Leeds:
Sista Rabi, Allah ya saka da alheri a kan abin da kuke wa tsofaffin nan, amma aikinki daban, wanda ake tambaya daban. Ke kina yi wa mutum wanka, ki ba shi abinci da magani. Jami'in walwala shi ne wanda ƙaramar hukuma ke turawa ya binciki halin da tsohon yake ciki, ya rubuta irin kulawar da yake buƙata, ya duba ko ana cutar da shi. Kuma tun Yulin 2025 an rufe ɗauko masu aikin kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, don haka kada a haɗa su.

Hajiya Maman Sadiq, ni a sashen yara nake aiki a wata ƙaramar hukuma a arewacin Ingila. A nan tun 2005 laifi ne mutum ya kira kansa da sunan wannan aikin in ba shi da rajista. Hukumar da ke riƙe da rajistar ita ce Social Work England, ta karɓi aikin a Disamban 2019. Duk shekara sai ka sabunta, ka nuna ƙarin ilimin da ka nema. Kowa zai iya shiga shafinsu ya duba sunanka, kowa zai iya kai ƙararka, kuma suna iya soke ka daga aikin baki ɗaya. Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da tata hukumar.

Karatun kuwa, ko digirin farko na shekara uku, ko na biyu na shekara biyu ga mai wani digirin, irin gurbin da ƙanwarki ta samu ke nan. Ko wanne ka bi sai ka cika kwana 200 na sanin makamar aiki. Yawanci kwana 70 a wuri na farko, 100 a na biyu, 30 kuma na koyon dabarun aiki a makaranta. Dole ɗaya daga cikin wuraren ya zama inda ake aiki da ikon doka. Abu na farko da za ta yi shi ne ta duba ko kwas ɗin yana cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su. Akwai kwasa-kwasai masu suna kusan iri ɗaya da ba sa kai mutum ga rajista.

Anti_Bilki_Kolon:
Sannunku. Maman Sadiq, ƙanwarki ta fi ki gaskiya a wannan. Kuma akwai abin da yayanku bai faɗa muku ba, wataƙila don ba fanninsa ba ne. A Jamus abin da ke buɗe ƙofar aiki shi ne amincewar gwamnatin jiha, staatliche Anerkennung. Wannan amincewar kusan ko'ina a digirin farko na Soziale Arbeit, wato aikin walwalar jama'a, take rataye. Wanda ya zo da digirin nazarin zamantakewa ya ɗora digiri na biyu a kai, yawanci zai gama ba tare da ita ba. Ke nan ƙanwarki komawa za ta yi aji ɗaya, zango shida ko bakwai, shekara uku ko uku da rabi. Kafin nan kuma harshe. Da Jamusanci ake koyarwa, kuma matakin C1 ake nema, ba Jamusancin sayen burodi ba. Za ta karanta dokoki da shi, ta rubuta wa kotu rahoto da shi.

Yawancin karatun ba a manyan jami'o'i ake yi ba, a kwalejojin da ake kira Fachhochschule ne, waɗanda suka fi karkata ga aiki. Wasunsu na gwamnati ne, wasu na cocin Katolika ko na Furotesta. Akwai zango guda na sanin makamar aiki, aƙalla kwana 100. A wasu jihohi, irin su Bremen, bayan ka gama sai ka ƙara shekara guda kana aiki a ƙarƙashin wani kafin a ba ka amincewar. Jihohi 16 ne, kowacce da dokarta. Ba mu da wata hukuma ɗaya ta ƙasa mai rajista irin ta su Bakatsine. Da an ba ka takardar, ba sai ka riƙa sabuntawa duk shekara ba.

DanZango_Hamburg:
Maganar kyauta ma a yi ta daidai. Ba a biyan kuɗin koyarwa a kwalejojin gwamnati, amma akwai kuɗin zango, 'yan ɗaruruwan yuro, a wurare da yawa har da tikitin jirgi da bas a ciki. Jihar Baden-Württemberg kuma tun 2017 tana karɓar yuro 1,500 duk zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Sannan kafin biza sai an ajiye kusan yuro dubu 12 a asusun da ake kullewa, kuɗin zaman shekara ɗaya ke nan. Sai dai in yayan nasu zai iya tsaya mata a hukumance cewa shi zai ɗauki nauyinta.

Maman_Sadiq:
Innalillahi. Wato shekara biyu a Ingila, a Jamus kuma in an haɗa da harshe ana maganar biyar. To amma kuɗin Ingilan fa, wallahi ko gida muka sayar sai an yi ciko.

Bakatsine_Leeds:
Gaskiya ne Hajiya. A shekarar karatu ta 2025/26 ɗan ƙasa mai digirin farko ya biya fam 9,535 a shekara, baƙo kuwa a yawancin jami'o'i ya haura fam dubu 15. Tallafin da gwamnati ke ba ɗaliban wannan fanni ba ya shafar baƙi. Akwai gajerun hanyoyi da ake biyan mutum yana koyo, irin Step Up mai wata 14 da shirin ƙungiyar Frontline, amma ga wanda ya riga ya samu izinin zama da aiki ne. In tana da aure kuma, tun Janairun 2024 mai irin wannan digiri na biyu ba ya iya tahowa da iyali.

Malam_Tarihi:
Ku ba ni dama in ɗan koma baya, don bambancin da kuke gani yau ba jiya ya fara ba.

A Jamus wata baiwar Allah, Alice Salomon, ta buɗe makarantar koyar da mata wannan aiki a Berlin a 1908. 'Yan Nazi sun kore ta daga ƙasar a 1937 saboda asalinta na Yahudawa, ta rasu a New York a 1948, makarantar kuma har yau tana nan da sunanta. Can kuma tun asali reshe biyu ne suka taso. Ɗaya na kula da matalauta da ofisoshin gwamnati, ɗayan na tarbiyyar yara da matasa a wajen aji, wanda suke kira Sozialpädagogik. Daga baya aka haɗe su a digiri ɗaya. Shi ya sa jami'in Jamus yake ɗaukar kansa a matsayin mai tarbiyya, mai tafiya tare da mutum a rayuwarsa ta yau da kullum. Ra'ayin Hans Thiersch na jami'ar Tübingen, cewa a fara daga duniyar da mutum ke rayuwa a cikinta, kusan kowane ɗalibi a can sai ya karanta shi.

Abu na biyu shi ne ƙa'idar cewa gwamnati ba ta yin abin da ƙungiya za ta iya yi. Manyan ƙungiyoyi shida ne ke riƙe da mafi yawan hidimar: Caritas ta Katolika da aka kafa a 1897, Diakonie ta Furotesta, AWO ta ma'aikata da Marie Juchacz ta kafa a 1919, Red Cross ta Jamus, Paritätische, da ta Yahudawa. Gwamnati ta biya, su su yi aikin.

Ingila ta bi wata hanya. Bayan rahoton Seebohm na 1968 aka tattara hidimar a ƙarƙashin ƙananan hukumomi da dokar 1970. Daga nan kuma abin da ya fi sassaƙa aikin shi ne mutuwar yara. Duk lokacin da yaro ya mutu a hannun masu riƙonsa, sai a kafa kwamitin bincike, jaridu su yi ca, a ƙara doka, a ƙara fom. Ni a ganina wannan ya sa jami'in Ingila ya fi kama da ɗan sandan farin kaya, na Jamus kuma malami.

Bakatsine_Leeds:
Malam, tarihin daidai ne, amma ɗan sandan nan ban karɓa ba. Ni ba ni da ikon ɗauke yaro daga gidansu. Ko dai iyaye su yarda da kansu, ko in je kotu alƙali ya ba da umarni, ko 'yan sanda su yi amfani da ikonsu na awa 72. A Jamus kuwa, Anti Bilki ta gyara min, ofishin yara da kansa yake ɗauka.

Anti_Bilki_Kolon:
Haka ne. Sashe na 42 na dokar yara da matasa ya ba Jugendamt, wato ofishin yaran, ikon ɗaukar yaro nan take in yana cikin haɗari. In iyaye ba su yarda ba, dole ofishin ya garzaya kotun iyali ko ya mayar da yaron. Har ma in yaro da kansa ya je ya ce ku karɓe ni, wajibi ne su karɓe shi tukuna. To amma wannan ɗan yanki ne na aikin. Dokar nan ta 1990 ta mayar da taimakon tarbiyya haƙƙin iyaye, su ne ke nema.

Bari in ba ku misali da nawa aikin. Wata ƙungiya nake wa aiki, Jugendamt ke biyan kuɗin, ni kuma a ba ni iyali in riƙa zuwa gidansu awoyi kaɗan duk mako, wani lokaci har shekara biyu. Akwai wata uwa mai 'ya'ya uku da mijinta ya tafi. Makaranta ta kai rahoto cewa babban ba ya zuwa. Da na shiga gidan, ban fara da maganar makaranta ba. A bayan ƙofar kicin na ga leda cike da wasiƙu ba a buɗe ko ɗaya ba, ta kamfanin wuta, ta mai gida, ta ofishin marasa aiki. Tsoron su take ji. Muka zauna a kan tebur muna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, muna warewa gida uku, ta gaggawa, ta jira, ta shara. A cikinsu akwai wadda ta ce an dakatar da kuɗinta saboda ba ta aika wata takarda ba. Yaron ashe ƙannensa yake zama da su yayin da take fita neman na abinci. Na raka ta ofishin, muka nemo wa ƙaramin gurbi a makarantar reno, sannan maganar babban ta zo da sauƙi. Duk wata shida kuma mu zauna, ni da ita da jami'ar Jugendamt, har da yaran, a duba me aka cimma, kowa ya sa hannu. Wannan shi ne aikin da nake so, kuma don shi na jure harshen.

Bakatsine_Leeds:
Anti, kin taɓo min inda ke ciwo. Irin wannan aikin a wurinmu yawanci ma'aikatan tallafa wa iyali ke yi, waɗanda ba su da rajista kuma albashinsu bai kai namu ba. Ni ana kawo min magana ne in ta riga ta yi zafi. Agogo nake bi. Kwana 45 na aiki in gama tantance iyali, in ana zargin cutarwa a kira taro cikin kwana 15, in an shiga kotu dokar 2014 ta ce a gama cikin mako 26. In na je gida dole in ga yaron shi kaɗai, in ga inda yake kwana, wani lokaci in roƙi a buɗe min firji. Ka yi tunanin Bahaushe ya shiga gidan mutum ya ce a buɗe masa firji. Nauyin abin har yau bai bar ni ba, amma na taɓa ɗaga bargo na tarar da katifa jiƙe sharkaf da yaro ke kwana a kai, falo kuwa tsaf. Daga nan in koma ofis in zauna gaban kwamfuta, don abin da ba a rubuta ba a wurinmu kamar ba a yi shi ba ne. Farfesa Eileen Munro ta faɗa wa gwamnati tun 2011 cewa takardu sun cinye lokacin zama da iyalai. An rage wasu, amma Ofsted, hukumar da ke sa ido a kan aikinmu, na nan tafe da bincike, don haka manajoji ba sa wasa da fom.

Amma kada a ɗauka yara ne kawai. Akwai sashen manya a ƙarƙashin dokar kulawa ta 2014, akwai na masu taɓin hankali, inda jami'in da ya ƙara horo shi ke neman a kwantar da mutum asibiti ko bai so ba, bayan likitoci biyu sun ba da shawara.

Ummu_Khairat:
Ni dai ku yi haƙuri, 'yan soshiyal ɗin Ingila ba na ko son jin sunansu. Ɗana ya je makaranta ya ce babansa ya zane shi, kafin la'asar mata biyu na bakin ƙofata. Watanni muna zaman taro, ana tambayar maƙwabta, ana tambayar likitanmu. A ƙarshe suka rufe fayil suka ce babu komai. To mutuncinmu da ya zube fa? Ba su san tarbiyyarmu ba, ba sa ma son su sani.

Baba_Alhaji_70:
Gaskiyarki 'yata. Mu da bulala aka tashe mu, ga mu mun zama mutane. Yanzu ku tura yarinya ta je ta koyo yadda ake raba ɗa da iyayensa?

DanZango_Hamburg:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a Jamus ma dokar ta fi tsauri. Tun shekarar 2000 aka haramta dukan yaro kwata-kwata, ko mari. Mu 'yan Gana muna da yawa a Hamburg, kuma wannan maganar ta sha haɗa iyalanmu da Jugendamt. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne rashin namu a ciki. Ka je zama, tafinta ne kawai ya san inda ka fito. Da akwai 'yar Hausa ko 'yar zango a kujerar, rabin rigimar da ba a yi ba. Ni dalilin da ya sa nake so yarinyar nan ta yi karatun ke nan, ko a ina ne.

Bakatsine_Leeds:
Ummu Khairat, Allah ya huci zuciyarki, na san yadda ƙwanƙwasa ƙofar nan take girgiza gida. Abin da zan ce shi ne sashe na 47 na dokar yara ta 1989 bai ba mu zaɓi ba, in rahoto ya zo sai an bincika. Scotland ta haramta duka a 2020, Wales a 2022. Ingila ta bar wa iyaye 'yar kafa, amma da zarar an sa bel ko wayar caja, ko jiki ya nuna shaida, kafar ta toshe.

Baba, ga abin da ya sa suke haka. Victoria Climbié yarinya ce 'yar Kodebuwa, iyayenta suka ba wata 'yar uwar babanta riƙonta don ta samu karatun Turai, irin riƙon da muke yi a gida. Ta mutu a Landan a Fabrairun 2000 tana da shekara takwas, an ƙirga raunuka 128 a jikinta. Jami'ai da asibitoci da 'yan sanda duk sun gan ta kafin nan. A binciken Lord Laming an ji yadda aka ɗauki tsayuwar da take yi a ƙame gaban matar a matsayin ladabin 'ya'yan Afirka. Wato uzurin al'ada yana cikin abin da ya rufe wa mutane ido. Bayanta aka ƙara tsaurara dokar da ta ce in yaron da bai kai 16 ba zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba ɗan uwa na kusa ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma. Masu riƙon 'ya'yan dangi a nan, ku kula da wannan.

Anti_Bilki_Kolon:
Mu ma muna da namu. Kevin, ɗan shekara biyu a Bremen, a 2006 aka tsinci gawarsa a firjin mutumin da ke riƙonsa, alhali yana ƙarƙashin kulawar ofishin yara. Bayansa aka ƙara tsaurara abubuwa har aka kai ga dokar kare yara ta 2012. Abokan aikina da ke cikin Jugendamt su ma yanzu fom ya yi musu yawa, ga ƙarancin ma'aikata, wasu na barin wurin bayan 'yan shekaru. Don haka Malam Tarihi, tazarar tana raguwa.

Inda ba ta ragu ba shi ne ƙarshen shari'a. A Ingila kotu na iya ba da yaro ga wasu su mayar da shi ɗansu har abada ko iyaye ba su yarda ba. A Jamus da wuya ƙwarai a kai nan, yaro zai zauna a gidan riƙo ko gidan yara, iyayensa na nan a matsayin iyaye. Ga Musulma wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, ta tambayi kanta ko za ta iya rubuta rahoton da zai yanke nasaba.

Bakatsine_Leeds:
Tambaya ce ta gaske, kuma na sha kwana da ita. Sai dai doka ta ce sai an duba dangi tukuna, kuma tun 2005 akwai umarnin riƙo na musamman da ke ba kaka ko gwaggo iko ba tare da an yanke nasaba ba. Cikin dalilan kawo shi har da al'ummomin da addininsu bai yarda da ɗaukar ɗa irin na Turawa ba. Nan ne mutum irinmu yake da amfani, don mun san gwaggo da kawu ba baƙi ba ne, mun san yadda ake nemo su.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum. Ku ba ku sa Faransa ciki ba? Nan ma shekara uku ne, difloma ta gwamnati, kuma an raba aikin, mai taimakon jama'a daban, mai tarbiyya na musamman daban. Ga 'yan Nijar ya fi sauƙi saboda harshe.

Mai_Zaure:
Ɗan Damagaram, a buɗe wa Faransa nata zauren, yarinyar ba ta jin Faransanci. Jama'a a dawo kan tambayar Maman Sadiq.

Auta_Zee:
Assalamu alaikum, ni ce ƙanwar. Yaya ta turo min na karanta duka, na gode ƙwarai. Tambayoyina uku ne. Anti Bilki, mai hijabi tana samun aiki a ƙungiyoyin cocin nan? Yaya Bakatsine, in na gama a Ingila zan iya komawa Jamus wurin yayanmu in yi aiki da takardar? Sannan ni burina in dawo gida wata rana, wanne zai fi min amfani a nan?

Anti_Bilki_Kolon:
Auta, sannu da ƙoƙari. Musulmi na aiki a Caritas da Diakonie, har da masu ɗankwali, musamman a sashen baƙi da 'yan gudun hijira. Tun 2015 da mutane kusan dubu 890 suka shigo neman mafaka aka buɗe ido ga masu jin wasu harsuna. Amma muƙaman shugabanci a can sukan nemi ɗan coci, kuma wuri ya bambanta da wuri. AWO da Paritätische da ofisoshin gwamnati ba ruwansu da addininki a takarda. Ki lura dai cikin manyan shidan nan babu ta Musulmi.

Ta biyun bari in amsa, don ta nan ake nema. Takardar Ingila ba ta aiki kai tsaye. Tun ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ma an daina sassaucin da ake yi. Za ki kai wa hukumar jihar da kike zaune, su gwada da nasu karatun, kusan kullum su ce sai kin yi kwas na cike giɓi a dokokin Jamus, ga kuma harshen. Aikin nan rabinsa dokar ƙasa ne, ba kamar injiniya ba ne.

Bakatsine_Leeds:
Haka yake in aka juya. Mai takardar Jamus sai ya nemi rajista a matsayin baƙo, ya kawo maki 7 a jarrabawar Turanci ta IELTS. Abin da Ingila ta fi shi ne saurin shiga aiki. Kina gamawa ki yi rajista, ƙananan hukumomi na neman ma'aikata, aikin yana cikin waɗanda ake ba bizar lafiya da kulawa. Shekarar farko akwai shirin ASYE, a rage miki yawan fayil, a ba ki mai duba ki. Albashin farawa fam dubu 30 da 'yan kai, haraji da haya su ci nasu.

Malam_Tarihi:
Ta ukun ita ce ta fi muhimmanci, Auta. A 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar aikin walwalar jama'a ta Najeriya, tsarin rajista mai kama da na Ingila, kuma dokokinmu da kotunanmu sun fi kusa da nasu. Ta fuskar takarda Ingila ce. Amma tsarin Ingila yana tsaye ne a kan ƙaramar hukuma mai kuɗi, da gidajen riƙo, da kotun da ke yanke hukunci cikin wata shida. A gida wa ke riƙe da marayu da zawarawa? Dangi, masallatai, ƙungiyoyin mata, kwamitocin zakka, masu unguwanni. Wannan ya fi kusa da tsarin Jamus, inda ƙungiyoyin addini ke aikin gwamnati na tallafawa. Ledar wasiƙun Anti Bilki ta fi kama da aikin da kike yi yanzu fiye da agogon Bakatsine.

Bakatsine_Leeds:
Malam, a nan mun rabu. Masu taimako ba su ne suka yi ƙaranci a gida ba. Abin da babu shi ne wanda ya iya bincike, ya rubuta rahoton da alƙali zai dogara da shi, ya san yadda ake tambayar yarinyar da aka ci zarafinta ba tare da an sa mata magana a baki ba. Dokar haƙƙin yara tana nan tun 2003, masu aiwatar da ita ne kaɗan. Wannan horon Ingila ta fi kowa ba da shi.

Ummu_Khairat:
In dai za ta zo, ta riƙa sallama kafin ta shiga gidan mutane, ta kuma yi wa iyaye bayanin haƙƙinsu tun ranar farko. Mu ba wanda ya gaya mana muna iya neman lauya.

Maman_Sadiq:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Mun yi waya da yayanmu, ya ce zai iya tsaya mata a Jamus amma ba shi da kuɗin Ingila. Ita kuma ta ce shekarun ne ke ba ta tsoro. Jami'ar ta ba mu zuwa ƙarshen wata mu biya kafin alƙalami.

Anti_Bilki_Kolon:
Kafin ku biya ko ku fasa, ta rubuta wa kwalejoji biyu ko uku a jihar da yayanku yake, ta aika musu jerin darussan da ta yi, ta tambaya ko za su yafe mata wasu zanguna. Ta kuma tambayi tsarin da ake haɗa karatu da aiki, wanda ma'aikata ke biyan ɗalibi albashi duk wata, akwai shi a wannan fannin. Ta tabbatar an rubuta a shafin kwas ɗin cewa yana kaiwa ga amincewar jiha, musamman in kwalejin ta kuɗi ce.

Bakatsine_Leeds:
Ta kuma tambayi jami'ar Ingilan ko za su ɗage mata gurbin zuwa baɗi, da yawa suna yi. Auta, kin iya tuƙi? Ƙananan hukumomi da dama a wajen Landan ba sa ɗaukar ɗalibi sashen yara in ba shi da lasisi, kuma na gida wata 12 kawai yake aiki a nan kafin ki ci jarrabawarsu.

Auta_Zee:
Ina tuƙi Yaya, amma ban san da maganar wata 12 ba. Anti Bilki, zan turo miki jerin darussan ta akwatin sirri ki duba min kafin in aika. Wace jarrabawar Jamusanci kwalejojin suka fi karɓa, TestDaF ko DSH?

DanZango_Hamburg:
Duka biyun suna karɓa. TestDaF ana iya rubuta ta tun daga gida, DSH kuwa sai a kwalejin da kanta bayan kin iso.